Zare: Wasiƙun iyalan masu bayi a Amurka, da mutanen da aka bari a gefen takarda

1/
Yau zaren tarihi ne, kuma da ɗan tsawo. Magana ce a kan wasiƙun da iyalan masu gandun bayi a kudancin Amurka suka riƙa rubuta wa juna kafin 1865. Ra'ayina a gajarce: daɗin bakin da ke cikin wasiƙun nan bai wanke su ba. Shi ne ma babbar shaidar da ke kansu.

2/
In ka karanta su ba tare da sanin waye ya rubuta ba, wallahi sai ka ji sun burge ka. Uwa tana wa ɗanta faɗan ya kula da ibada. Miji yana kewar matarsa. Kaka tana tambayar ko jariri ya fara haƙori. Mutane ne masu son 'ya'yansu da gaske, ba na musu a kan wannan.

3/
To sai ka sauka ƙasa kaɗan, a takarda ɗaya, da alƙalami ɗaya, ka ga ana tambayar nawa yarinya 'yar shekara 18 za ta yi a kasuwa bana. Babu canjin murya, babu ko tari. Daga gaisuwar jariri zuwa farashin mutum, kamar daga zancen damina zuwa zancen kaka.

4/
Bari mu ɗan shimfiɗa tabarma tukuna. Ƙidayar Amurka ta 1860 ta nuna bayi sun kusa miliyan 4. Su ke noma auduga, shinkafa, rake da taba. A lokacin, auduga kaɗai ta fi rabin abin da ƙasar ke fitarwa waje. Wato gumin bayi shi ne ƙashin bayan kasuwar, ba wani ɗan ƙari ba.

5/
Masu gandun kuwa mutane ne masu karatu, kuma ba waya ba intanet. Ɗa yana makaranta a wata jiha, 'ya ta yi aure a wani gari, sai wasiƙa. Shi ya sa suka bar dubban takardu, yanzu suna ajiye a ɗakunan karatu na jami'o'i. Da yawan abin da aka sani game da rayuwar gandu daga nan aka samo.

6/
Misalin da ya fi tsaya min a rai shi ne iyalan Charles Colcock Jones, na gundumar Liberty a jihar Jojiya. An tattara wasiƙunsu kusan 1,200 na tsakanin 1854 da 1868 a wani ƙaton littafi mai suna The Children of Pride, wanda Robert Manson Myers ya fitar a 1972. Har babbar lambar yabo ya ci a 1973.

7/
Shi wannan Jones ɗin ba irin mugun da kuke gani a fim ba ne, mai bulala da kwalbar giya. Fasto ne. An haife shi a 1804, ya rasu a 1863. Ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa bayi wa'azi, har ya rubuta littafi a 1842 yana kiran masu gandu su koyar da bayinsu addini.

8/
Abin da zai ƙara ɗaure maka kai: yana saurayi, yana karatun addini a arewacin ƙasar, ya rubuta wa Mary, wadda zai aura, cewa bauta ta saɓa wa dokar Allah da ta mutane. Da hannunsa ya rubuta. Sai ya dawo gida, ya tarar da gado, ya zauna a kan gandaye uku da bayi sama da 100.

9/
A wasiƙun gidan, da wuya ka ga kalmar bawa. Sai dai "masu hidima" ko "mutanenmu". Sau da yawa ma a ƙarshen wasiƙa a ce a gaishe su. In wani ya yi zazzaɓi a faɗa, in wata ta haihu a faɗa. Kai ka ce babban gida ne irin na dangi, kowa na kowa.

10/
Sai shekarar 1856 ta zo. Akwai wata mata, Phoebe, ita ce mai hidimar uwargida Mary, gwanar ɗinki ce. Mijinta Cassius. 'Yarsu Jane ta gudu zuwa birnin Savannah, tana neman aiki da kanta. Aka gano ta, aka kama ta. Daga nan zancen "mutanenmu" ya fara canza kala.

11/
Iyalan suka yanke shawarar sayar da Jane, da iyayenta, da 'yan'uwanta da ke tare da su. Babban ɗan gidan, lauya ne a Savannah, shi ya riƙe cinikin. Wasiƙu suka yi ta kai da kawo tsakanin uba da ɗa: nawa aka taya, nawa ya kamata a sallama, yaya kasuwa take.

12/
Sharaɗin da fasto ya kafa shi ne a sayar da su tare, kar a raba su. A wurinsa wannan ita ce tausayin. Amma fa Phoebe tana da wasu 'ya'yan da dangi da suka rage a Liberty. Wato an raba iyalin, an dai zaɓi inda wuƙar za ta bi ne kawai.

13/
A watan Maris na 1857 wata wasiƙa ta iso daga New Orleans, inda babbar kasuwar bayi take. Daga Phoebe da mijinta ce. Suna aika gaisuwa ga 'ya'yansu da 'yan'uwa, suna jero sunaye ɗaya bayan ɗaya. A ciki suka sanar cewa Jane ta rasu, ba a daɗe da kai su can ba.

14/
Wasiƙar ta shiga hannun Jones. Ya rubuta wa ɗansa yana ƙorafin cewa an yaudare su, don sun ɗauka mai gona ne ya saya, ashe an kai su kasuwa ne. Ku lura da kyau: laifin ya koma kan dillali. Wanda ya ɗauki mutum ya kai wa dillali kuwa, shi ne ma aka cuta.

15/
Wannan shi ne abin da nake nufi. Mutumin nan bai ɗauki kansa azzalumi ba ko na rana ɗaya. Ya yi addu'a, ya yi kuka a jana'iza, ya tarbiyyantar da 'ya'yansa. Kuma ya sayar da matar da ta shekara da shekaru tana ɗinka wa matarsa kaya. Duk mutum ɗaya ne, ba biyu ba.

16/
Ƙarshen labarin gidan ma abin lura ne. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865, bayin da suka samu 'yanci suka fara watsewa. Mary ta cika wasiƙunta da kukan butulci. Daga baya ta koma wurin 'yarta a New Orleans, can ta rasu a 1869. Garin da aka kai Phoebe.

17/
Kar wani ya ce ai gida ɗaya ne. Mu je sama. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda ya rubuta takardar 'yancin kan ƙasar, ya mallaki mutum sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Wasiƙunsa ga 'ya'yansa mata da jikokinsa cike suke da shauƙi da nasiha.

18/
A 1820 ya rubuta wa surukinsa John Wayles Eppes cewa a lissafinsa, baiwar da ke haihuwa duk shekara biyu ta fi namijin da ya fi kowa ƙarfi a gona riba, don abin da ta haifa ƙari ne a kan jari. Wasiƙar gida ce fa, tsakanin suruki da suruki. Haihuwar mace ta zama kiwo.

19/
Ya rasu a 1826 da bashi har wuya. A watan Janairu na 1827 aka yi gwanjon kayansa a gidansa na Monticello, har da mutum 130. Abin da masu gandu ba sa son faɗa ke nan: ko maigida mai kirki ne, ranar da ya mutu ko bashi ya kama shi, kirkin ya ƙare, sai mai gwanjo.

20/
Akwai kuma George Washington, shugaba na farko. A 1796 wata budurwa mai suna Ona Judge, mai hidimar matarsa Martha, ta sulale daga gidan shugaban ƙasa a Filadelfiya ta shiga jirgin ruwa zuwa New Hampshire. Ta ji labarin za a ba da ita kyauta ga jikar Martha da ta yi aure.

21/
Washington ya rubuta wa sakataren kuɗinsa yana neman a taimaka a dawo da ita a ɓoye. A ciki ya yi ƙorafin butulcinta, wai an rene ta kamar 'ya, ba kamar mai hidima ba. Ku riƙe wannan kalmar, "kamar 'ya", za mu dawo kanta. Wace 'ya ce ake sa ta a cikin kayan ɗaki?

22/
Ona ta aika cewa za ta iya dawowa in an yi mata alkawarin 'yanci bayan rasuwarsu. Ya ƙi, ya ce hakan saka wa rashin biyayya da alheri ne, kuma zai ɓata ran sauran. Ba ta dawo ba. Ta rayu cikin talauci har 1848, kuma ta faɗa wa 'yan jarida ba ta yi nadama ba.

23/
Yanzu tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa muke da wasiƙun masu gida jibgi, na bayi kuwa 'yan tsiraru? Ba haɗari ba ne, doka ce. Karolaina ta Kudu ta hana koya wa bayi rubutu tun 1740. Jojiya ta yi irin wannan doka a 1829, Karolaina ta Arewa a 1830.

24/
Wato ɓangare ɗaya aka ba alƙalami, aka ɗaure hannun ɗayan, sannan mu da muka zo daga baya aka ce ga tarihi nan ku karanta. In kura ce ke rubuta labarin dawa, ai ba za ka ji inda akuya ta yi kuka ba. Duk mai karanta wasiƙun nan dole ya san da wannan.

25/
Amma 'yan kaɗan ɗin da suka tsira suna da nauyi. A 1857 wata baiwa, Vilet Lester, ta aika wasiƙa daga Jojiya zuwa gidan da aka sayar da ita a Karolaina ta Arewa. Ta lissafa hannayen da ta bi. Babbar buƙatarta guda: ina 'yata take, ko za a yarda a sayar da ita inda nake?

26/
Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Uwa tana roƙon a SAYAR da 'yarta, don ita ce kaɗai hanyar da za ta sake ganinta. Ba ita kaɗai ba ce. Masana sun ƙiyasta kusan mutum miliyan 1 aka kwashe daga tsofaffin jihohi irin su Birjiniya zuwa sababbin gonakin auduga tsakanin 1790 da 1860.

27/
Akwai wata wasiƙar da ta taɓa ni ta wani gefen. James Hamilton Couper, mai gandu a gaɓar tekun Jojiya, ya rubuta wa wani masani labarin bawansa da suke kira Tom. Sunansa na gaskiya Salih Bilali, Bafulatanin Masina ne, a ƙasar Mali ta yanzu. An buga wasiƙar a 1844.

28/
Couper ya yabe shi sosai: mai kaifin basira, mai gaskiya, ba ya shan giya, yana azumin Ramadan, yana karanta Larabci. Shi ne ma shugaban ma'aikatan gandun, yana kula da ɗaruruwan bayi. Ya san sunansa, ya san garinsu, ya san addininsa. Kuma ya ci gaba da riƙe shi a matsayin dukiya.

29/
Wannan ya rushe wani uzuri da ake yawan kawowa, wai ba su ɗauke su mutane ba ne. Sun sani sarai. Ba ka ba dabba makullin rumbu. Ba ka ba dabba jaririnka ta shayar. Wasiƙunsu da kansu sun nuna sun san da mutane suke zaune. Sanin bai hana su ba, shi ne abin tsoron.

30/
Na san wani zai shigo ƙasan zaren nan ya ce, "Malam, zamaninsu ne, kar ka auna su da mudun yau." Ina jin wannan, kuma akwai ƙamshin gaskiya: ba daidai ba ne mu yi kamar mu da an haife mu can za mu fi su. Amma a zamanin nasu ma akwai waɗanda suka gani suka faɗa.

31/
A 1791, wani hamshaƙin mai gandu a Birjiniya, Robert Carter na uku, ya sa hannu a takardar 'yanta bayinsa kusan 500, kashi-kashi. Maƙwabtansa ba su so ba, wasu 'ya'yansa ma haka. Zamani ɗaya da Washington da Jefferson, jiha ɗaya. Ashe ƙofar a buɗe take, tsada ce da ita.

32/
Sai Fanny Kemble, 'yar wasan kwaikwayo daga Ingila, da ta auri Pierce Butler, magajin gandun shinkafa da auduga a Jojiya. Ta zauna can 'yan watanni a 1838 zuwa 1839, ta rubuta abin da ta gani a sigar wasiƙu ga ƙawarta. Sai a 1863 aka buga su.

33/
Ta ba da labarin mata da suka riƙa zuwa wurinta suna roƙon a ƙara musu hutun jego, don sati uku kacal ake ba su kafin a mayar da su gona. Ta kai kukansu ga mijin, ya gaji ya hana ta kawo masa. Gida ɗaya, gona ɗaya, ido biyu: ita ta gani, shi ya kau da kai.

34/
Auren ya mutu a 1849. Shi kuwa Butler caca da asarar kasuwa suka cinye shi. A ranakun 2 da 3 ga Maris 1859, a filin sukuwa kusa da Savannah, aka yi gwanjon bayinsa sama da 400 don biyan bashi. Ana ruwan sama kwana biyun. Baƙaƙen Amurka na kiran abin da lokacin kuka.

35/
Wasiƙar da na fi so a duk wannan tarihin kuwa daga ɗayan ɓangaren ta fito. Bayan yaƙi, wani tsohon mai gandu a Tennessee, Kanar Anderson, ya rubuta wa tsohon bawansa Jourdon, da ya koma Dayton a jihar Ohio, yana lallashinsa ya dawo gona, wai za a kyautata masa.

36/
A watan Agusta 1865 Jourdon ya sa aka rubuta amsa, cikin ladabi mai yanka. Ya ce to, don mu gwada gaskiyarka, fara turo ladan aikinmu. Ni shekara 32 a kan dala 25 duk wata, matata Mandy shekara 20 a kan dala 2 duk sati. Jimla dala 11,680, ban da kuɗin ruwa.

37/
Ya ce a cire kuɗin tufafi, da zuwan likita sau uku, da cire wa Mandy haƙori ɗaya, a turo sauran. Ya tambaya ko 'ya'yansa mata za su tsira da mutuncinsu a can, ko akwai makaranta. Ya rufe da a gode wa mutumin da ya ƙwace bindiga lokacin da kanar ɗin ke harbinsa. Kai!

38/
A ganina Jourdon ya ba mu ma'aunin karanta duk sauran wasiƙun. Ka ce muna gida ɗaya? Madalla. Nawa ka biya? In na so tafiya, zan iya? 'Ya'yana nawa ne ko naka? Duk "mutanenmu" da "kamar 'ya" da ba su iya amsa tambayoyin nan uku ba, zaƙin baki ne kawai.

39/
Ban ce a ƙona wasiƙun masu gandu ba fa. A karanta su, suna da amfani ƙwarai. Amma a ajiye littafin lissafin gona a gefe ɗaya, hirarraki sama da 2,300 da aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938 a ɗaya gefen. In wasiƙa ta ce an kawo shayi, ka tambaya wa ya hura wutar.

40/
Kuma kafin mu gama tafa hannu muna "Allah wadai da Turawa", mu ma muna da rinji da gandu a tarihinmu. Akwai gandun sarki a Fanisau kusa da Kano. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi. Baba ta Karo ta ba da labarin rinjin gidansu. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

41/
Ban ce tsarin iri ɗaya ba ne. A nan ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa maigida ɗa ne, har sarauta yana iya yi, a Amurka kuwa ɗa matsayin uwarsa yake bi ko waye ubansa. Bambancin gaskiya ne. Amma mu ma in zancen ya taso, da "ai 'yan gida ne" muke rufe shi, ba mu tambayi jikokinsu ba.

42/
Har yau kalmar ba ta mutu ba. Yarinya 'yar shekara 11 an ɗauko ta daga ƙauye, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, yaran gida suna makaranta tana wanke-wanke, kuɗin aikinta wata ce ke karɓa. Ka yi magana a ce, "Haba, ai kamar 'yarmu ce." Ba bauta ba ce a doka, na sani. Amma uzurin tsoho ne.

43/
Iyalan Jones ba su taɓa zaton wata rana ɗalibai a wata nahiya za su karanta wasiƙunsu suna neman sunan Phoebe ba. Mu ma muna barin namu: hirar WhatsApp ta gidanmu, hotunan sallah, saƙon murya. Wa ke riƙe da tire a gefen hoton, kuma me za ta ce in aka ba ta wayar?

44/
Nan zan tsaya. Wanda ke da yarinya ko yaro mai aiki a gidansu, ya gwada tambayoyin Jourdon guda uku a zuciyarsa yau da dare, ba sai ya faɗa mana amsar ba. Wanda kuma bai yarda da ni ba, ga fili nan a ƙasa, a zo da hujja ban da zagi.